LibreOffice Writer: ba ta shiri da mai jera rubutu da tazara

Aikina gyara takardun mutane ne. A kawo mini rahoto ko kundin bincike a hargitse, in mayar da shi abin da za a iya bugawa. Da LibreOffice Writer nake yi, manhajar kyauta da The Document Foundation ke kula da ita tun da aka ɓalle daga OpenOffice.org a 2010. Ra'ayina a kanta ba a ɓoye yake ba: ga mai doguwar takarda, ta isa har ta yi yawa, muddin zai zauna ya koyi salo, wato tsarin rubutu ko na shafi da ake ajiyewa da suna a riƙa ɗora shi ko'ina. Wanda kuwa ya saba bugun maɓallin tazara har rubutu ya je inda yake so, ba za su sha inuwa ɗaya ba.

Duk takardar da ta shigo hannuna, Ctrl+F10 nake fara dannawa. Nan take asirin mai ita zai tonu: kowace tazara ta zama ɗigo, kowane Tab ya zama kibiya. Sai ka ga suna a hagu, lamba a dama, tsakaninsu ɗigo rututu. A allo kamar sun daidaita, amma da an canza girman rubutu sai kowane layi ya kama gabansa. Maganin abin shi ne zangon Tab, wato wurin da ka kafa wa rubutu ya tsaya idan an danna Tab. In ba ka kafa ba, Writer na tsayawa bayan kowane santimita 1.25. Iri huɗu ne: na hagu, na dama, na tsakiya, da na ɗigon lissafi. Na ƙarshen nan ya fi burge ni, don yana jera 7.5 da 1,250.75 ɗigo a ƙarƙashin ɗigo ba tare da ka zana teburi ba. Faɗin A4 santimita 21 ne, Writer kuma na barin santimita 2 a kowane gefe, saura 17. Kafa zangon dama a 17, ka ce a cike tsakani da ɗige-ɗige, Tab ɗaya ya gama aikin. Abin da ban so ba shi ne alamomin zangon da ke kan rula, ƙanana ne ƙwarai, kamo su da linzami sai mai haƙuri. Ni dai akwatin Paragraph nake buɗewa in rubuta lambar da hannu.

Gefen shafi ne wurin da baƙo ke fara tuntuɓe. A nan gefe ba na takarda gaba ɗaya ba ne, na salon shafi ne. Idan ka faɗaɗa gefen shafi na 9, duk shafin da ke kan salo ɗaya da shi zai faɗaɗa. Kana son shafi guda ya kwanta saboda wani faffaɗan jadawali? Sai ka saka yankewar shafi ta Manual Break ka zaɓi salon Landscape, bayansa ka sake yankewa ka koma salon farko. Da farko za ka ce wahala ce kawai. Amma ranar da aka ce a ƙara gefen ɗauri a littafi sukutum, wuri ɗaya za ka taɓa. Tun fitowar 7.2 a 2021 ma an ware wa gefen ɗaurin gurbinsa daban.

Salon sakin layi shi ne ƙashin bayanta. F11 ke buɗe jerin. Ctrl+1 ya mai da layi babban kai, Ctrl+2 ƙaramin kai, kuma dukkansu suna gado ne daga salo ɗaya mai suna Heading, don haka in ka canza nau'in rubutu a wurin uban, 'ya'yan sun bi. Daga waɗannan kawunan take haɗa jerin abubuwan da ke ciki da kanta, kuma F5 ya nuna maka su a gefe ka riƙa tsallakawa daga babi zuwa babi. Zangon Tab ɗin da na ambata ma cikin salo ya kamata ya zauna, ba a kafa shi layi-layi ba. Idan mai takarda ya bi kowane kai ya kaurara shi da hannu, sai in zaɓe rubutun in danna Ctrl+M, kwalliyar hannu ta zube, salo ya rage. A kula dai, har kalmomin da aka karkata da gangan yake sharewa.

Inda take da rauni shi ne musayar fayil da masu Word. Word da sashe-sashe yake raba shafuka, ita kuwa da salo, shi ya sa fayil ɗin docx, wato na Word, kan buɗe da tarin salon shafi masu suna Converted1, Converted2, sai ka zauna ka tsince su. Haka kuma in babu nau'in rubutun Calibri a kwamfutarka, gara ka saka Carlito, wanda faɗin haruffansa daidai yake da nasa, in ba haka ba layuka su zame, shafuka su ƙaru. Saboda haka a odt, tsarin fayil ɗin Writer na asali, nake aiki, in takarda ta kammala in fitar da PDF in tura. Docx sai ga wanda zai ci gaba da gyara.