Wata uku da rawutar da kamfanin intanet ya kafa mini

Irin mai haɗe-haɗen nan ce: modam mai kawo intanet, da rawuta mai raba shi ga na'urorin gida, da katangar tsaro mai tare kutse, duk a cikin farin akwati ɗaya. In dai kallon bidiyo ne da aikin yau da gobe, ba ni da ƙorafi a kanta. Tana ba da Wi-Fi a 2.4 GHz da 5 GHz. Na biyun ya fi gudu, amma bango biyu sun isa su galabaitar da shi, don haka a ɗakin ƙurya na farkon muke kamawa.

Rigimar ta taso ne da na sa kyamarar tsaro, ina son in riƙa leƙa gidan daga wurin aiki. A cikin gida hoto tar. Da na fita kuwa, sai da'irar nan ta yi ta juyawa a fuskar waya har in gaji. Na buga 192.168.1.1 na shiga shafin saiti da kalmar sirrin da ke manne a gindin akwatin. Sashen katangar tsaro zaɓi uku ne kawai: ƙasa, tsakiya, sama. Babu ko layi ɗaya da zai ce maka ga abin da kowane mataki yake tarewa. A wurina wannan ne babban aibinta, domin mutum sai dai ya yi ta lalube a duhu. Na sauke zuwa ƙasa, shiru. Na kashe katangar ɗungurungum na minti goma (ban ce wani ya gwada ba), har yanzu shiru. A nan na gane laifin banza nake ɗora mata.

Ashe NAT ne, wato tsarin raba adireshi ɗaya ga na'urori da yawa. Duk wayoyi da kwamfutocin gida da adireshi ɗaya suke fita waje, saboda haka in saƙo ya zo daga waje ba tare da wani na ciki ya nema ba, rawuta ba ta san wa za ta miƙa wa ba, sai ta watsar. Sai an buɗe masa ƙofa an nuna masa inda zai nufa. Na buɗe ƙofa mai lamba 554, wadda kyamarori ke tura hoto ta cikinta da tsarin RTSP, na kuma ɗaure kyamarar da adireshi ɗaya a DHCP, sashen da ke raba wa na'urorin gida adireshi, don kada ya sauya bayan an ɗauke wuta. Banza a banza.

Sai a kwana na huɗu idona ya kai kan adireshin waje da rawutar ta samu: da 100.72 ya fara. Daga 100.64 zuwa 100.127 an ware su ne tun 2012 don abin da ake kira CGNAT, inda kamfani ke haɗa gidaje da yawa a kan adireshi ɗaya saboda adireshin tsohon tsarin intanet, IPv4, sun yi ƙaranci. Wato ƙofar da na buɗe tana bayan wata ƙofar ce da makullinta ba ya hannuna. Da shafin ya yi gargaɗi da jimla ɗaya, da an hutar da ni. Na kira kamfanin, sau biyu ana ce mini in kashe in kunna. A kira na uku aka haɗa ni da wanda ya san aikin, ya ba ni adireshi nawa na kaina. Duk da haka na rufe 554 ɗin, don ban ga dalilin barin kyamarar gidana a buɗe ga duk mai wucewa ba. Na sa WireGuard, manhajar da ke ba ka ɓoyayyiyar hanyar shiga gida daga waje, a wata ƙaramar kwamfuta, na buɗe masa ƙofa mai lamba 51820 kaɗai, ta nan nake shiga.

Akwai kuma wayar tebur mai aiki da intanet: ina jin mai kira, shi ba ya jina. SIP ALG ne, wani saitin rawuta da ke sa hannu a kiran wayar intanet, a kunne ya zo, kuma an cusa shi can ƙarƙashin wani sashe da ba wanda zai yi tunanin dubawa. Ina kashe shi murya ta dawo. UPnP (mai barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa) da WPS (mai haɗa na'ura da Wi-Fi da 'yar lamba ko maɓalli) ma a kunne na same su, alhali raunin lambar WPS sananne ne tun 2011. Na kashe duka biyun.

Abin da zan yaba mata shi ne tana barin ka adana duk saitinka a fayil. Ranar da na dagula komai, na soka tsinke a ɗan ramin baya na riƙe daƙiƙa goma, ta koma yadda ta fito daga kamfani, na ɗora fayil ɗin, cikin minti biyar komai ya dawo.

Wanda bidiyo da hira kawai yake yi, ta ishe shi, ya dai canza kalmar sirrin nan ta gindin akwati. Mai kyamara ko wayar ofis kuwa, ya fara duba adireshin waje kafin ya taɓa katangar. Ni dai wata mai zuwa zan mayar da ita modam zalla, in sayi rawutar da ke nuna mini abin da ta tare da dalilin tarewar.