Allon roba mai gidaje na koyon zane: yana aiki, amma an manta da matsayar ido

Na sayi allon roban nan da ake gani ta cikinsa, wanda aka ja wa layuka gida-gida, don abu ɗaya: zana abin da ya miƙo wajen mai zane, kamar hannun da aka nuno ka da shi, ko mutumin da ke kwance ƙafafunsa na fuskantarka. A nan masu koyo suka fi shan wahala. Ƙwaƙwalwa ta riga ta san hannu dogo ne, sai ta sa fensir ya ja shi dogo, alhali gajere ido ya gani.

Ta wannan ɓangaren allon ya burge ni ƙwarai. Kowane gida santimita 2.5 ne. Ka kafa shi, ka rufe ido ɗaya, ka sa wani ya miƙo maka dunƙulallen hannu: dunƙulen kaɗai zai cinye gidaje da yawa, daga wuyan hannu zuwa kafaɗa kuwa da ƙyar ya cika gida ɗaya ko biyu a bayansa. Mai koyo ba ya yarda da wannan sai ya ƙirga da idonsa. Lissafin ma haka yake: sandar da ta karkata digiri 45 zuwa wajenka ana ganin kusan kashi 70 cikin 100 na tsawonta, idan ta kai digiri 60 rabi kawai ya rage. Ka ja irin gidajen a takarda da fensir 2H mai tauri, wanda layinsa ba ya duhu, a hankali, ka sa ɗigo a inda gaɓoɓi suka faɗa, sannan ka haɗa su da fensir HB, wanda ya fi shi duhu. Ka fara da abin da ya fi kusa da kai, domin shi ke rufe na bayansa, kuma layin da ke nuna dunƙule ya hau kan wuyan hannu, wuyan hannu ya hau kan damtse, shi ke gaya wa mai kallo cewa hannun ya fito waje.

Sai dai fa duk wannan yana tafiya ne muddin kanka bai motsa ba, kuma a nan takaicin yake. Babu abin da zai riƙe ido a wuri ɗaya. Babu sanda, babu zobe, babu ko alama. Albrecht Dürer, wani mai zane ɗan Jamus, ya zana irin wannan na'urar tun ƙarni na 16, kuma a hoton nasa akwai wata 'yar sanda a tsaye gaban idon mai zanen, don kada ya kauce. Yau kusan shekara 500 ke nan, amma masu ƙera wannan suka bar ta. Ga abin da rashinta ke jawowa: a ce allon na nesa da ido santimita 40, sai ka sunkuya ka sa ɗigo a takarda, ka ɗago kanka ya goce da santimita 2 kacal. Abin da ke mita 2 daga gare ka zai matsa santimita 1.6 a kan allon, fiye da rabin gida. Wanda ke mita 1 kuwa santimita 1.2 zai matsa. Wato na kusa da na nesa ba sa gocewa daidai, don haka tafin ƙafa da ka auna ɗazu da gwiwar da kake aunawa yanzu ba daga wuri ɗaya aka hango su ba. Sai cinya ta fito a karye, mai koyo ya ɗora wa hannunsa laifi. Takardar bayanin da ke cikin kwalin ba ta ce uffan a kan wannan ba.

Ana iya gyarawa. Ka lanƙwasa waya mai ƙarfi ta yi ɗan zobe, ka manne gindinta a bakin tebur da salatif, ka riƙa leƙawa ta ciki. Ko kuma ka sa ɗigo da alƙalamin maka a kan allon daidai inda wani abu marar motsi ya faɗa, kamar kusurwar taga, duk lokacin da ka ɗago ka mayar da ɗigon kan kusurwar kafin ka auna komai. Amma me ya sa mai saye zai ƙarasa musu ƙira?

Ƙafar allon ma ba ta da nauyi, gwiwar hannu ta taɓa tebur allon ya karkata, kuma allon da ya karkata yana miƙar da siffa. Layukan a saman roba aka buga su, goge tawadar maka da ɗanyen tsumma ya fara cinye su.

Wanda zai yi masa zoben waya zai amfana da shi a makonnin farko. Wanda ba zai yi ba, gara ya miƙe hannunsa sosai, ya rufe ido ɗaya, ya auna da fensir da babban yatsa, ya kuma ja baya kamar mita 2 zuwa 3 daga abin da yake zanawa, don kada na kusa ya yi girman da ya wuce kima.