Na'urar TENS don naƙuda: wacce ta cancanci kuɗinki?

TENS ƙaramar na'ura ce mai batir, da wayoyi da faci masu danƙo da ake mannawa a baya. Wuta take saki kaɗan-kaɗan, ki ji tsikari a fata, tsikarin ya danne wani sashe na saƙon ciwon da jijiyoyi ke kai wa ƙwaƙwalwa. Babu allura, babu magani.

Iri biyu za ki tarar. Akwai mai araha, ta tausa, wadda ake tallatawa a Jumia. In kin ga EMS kaɗai a kwalin, ki wuce: tsoka take motsawa, ba ruwanta da naƙuda. Sai wadda aka ƙera don haihuwa, kamar Elle TENS ko Perfect mamaTENS. Facinta huɗu, biyu a ƙasan igiyar rigar mama, biyu a ƙugu, kowanne a gefen ƙashin baya. Tana da maɓallin ƙarin ƙarfi, kuma a ganina shi ne ya biya bambancin kuɗin. Idan mara ta murɗa, wa ke da hankalin duba lambobi a allo? Dannawa ɗaya kike so, in ta lafa ki mayar.

Mai caji ko mai batirin da ake cirewa? Da halin wutar Kaduna, ta biyun ta fi. Ki jefa batir na ko-ta-kwana a jakar haihuwa. Aro daga ƙawa ko ta hannu ba laifi, amma facin su zama sababbi. Tsohon faci ba ya kama fata, balle ga zufar Afrilu, kuma kada a shafa mai a wurin.

Kada mai talla ya ruɗe ki. Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta ce an fi ganin amfaninta a farkon naƙuda, lokacin ciwon baya. Ba a tabbatar tana taimakawa ba idan naƙuda ta kankama. Mai farfaɗiya ko mai na'urar daidaita bugun zuciya ta bar ta. Ba a manna ta a kan ciki, ba a wanka da ita, ba a fara ta kafin ciki ya kai mako 37 sai da izinin likita.

Kafin ki biya, ki tambayi ungozoma ranar awo, ko asibitin Barau Dikko kike zuwa ko na Yusuf Dantsoho, ko za a bar ki da ita a ɗakin haihuwa, don akan cire ta idan za a ɗaura na'urar sauraren bugun zuciyar jariri.