Gargaɗi: masu karɓar tsofaffin kasa-kasai su ce sun mutu, da masu sayar da adaftar ƙarya a Kano

Jama'a, assalamu alaikum. Wata damfara ta fara yawa a garin nan, kuma waɗanda ta fi ci su ne iyayenmu mata masu ajiyar kaset ɗin biki a ƙasan akwati. Wasu samari ne ke talla a Facebook da zaurukan WhatsApp, wai suna juye kowane irin tsohon kaset zuwa filashi ko waya, kuma har gida suke zuwa karɓa. Ba shago, ba adireshi, lambar waya kawai. Na daɗe ina ɗaukar bidiyon biki da suna da saukar karatu, tun Ƙofar Wambai na cike da kaset, don haka maganar sana'ata nake yi.

Yaron zai karɓi kuɗin kafin alƙalami ya tafi da kaset. Bayan 'yan kwanaki sai ya kira: "Hajiya, sai haƙuri, kaset ɗin nan ya mutu, babu komai a ciki." Har ya turo hoton allon talabijin shuɗi fes a matsayin shaida. Daga nan ko dai ya nemi ƙarin kuɗi wai zai wanke zaren da wani sinadari, ko ya ce tunda ba shi da amfani ya yar. Kuɗin farko kuwa an ci.

Wata maƙwabciyarmu, dattijuwa, ta yi sa'a an dawo mata da nata. Ta kawo mini tana cewa, "Ɗan nan, duba mini ko da muryar Malam ce a samu." Na sa shi a kyamarar da ta dace, sai ga marigayi mijinta zaune a walimar 'yarsu, hoto garau, murya garau. Babu abin da ya sami kaset ɗin. Na'urar da aka sa shi ce ba tasa ba.

Ku fahimci wannan da kyau, domin a nan ake cutar mutane. Kamfanin Sony ya fitar da tsari uku masu amfani da ƙaramin kaset iri ɗaya, mai zare milimita 8: Video8 a 1985, Hi8 a 1989, sai Digital8 a 1999. A ido ba ka bambance su, kowanne zai shige bakin kyamarar ɗan uwansa ya rufe lafiya. Amma biyun farko analog ne, na ukun dijital ne. Kyamarar Hi8 ba ta iya karanta ɗaukar Digital8, ko kaɗan. Kamar ka miƙa wa wanda boko kaɗai ya sani takardar ajami ne, ya ce maka ba a rubuta komai ba. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne yawancin masu Digital8 kaset mai tambarin Hi8 suke saye su ɗauka a kai. Saboda haka rubutun da ke bayan kaset ba ya gaya maka irin ɗaukar da ke cikinsa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, kyamarorin Digital8 da yawa suna kunna tsofaffin Video8 da Hi8, shi ya sa masu sana'a ke nemansu ruwa a jallo. Amma ba duka ba. Akwai masu araha da aka cire musu wannan aikin, irin su DCR-TRV140 da DCR-TRV250. Ana sayar wa mutane irin waɗannan na hannu da rantsuwar cewa suna kunna komai. Duk wanda zai sayi irin wannan kyamara ya tafi da tsohon kaset ɗinsa na analog, a kunna a gabansa ya ga hoto kafin ya ciro ko sisi.

Damfara ta biyu ita ce ta adafta, kuma ita ta fi ba ni haushi, domin ƙarya ce tsagwaronta. Za a nuna maka wani abu mai siffar babban kaset ɗin VHS mai ƙofa a sama, a ce ka jefa kowane ƙaramin kaset a ciki ka kalla a bidiyon gida. Adaftar gaskiya ce, amma ta VHS-C ce kaɗai, domin zaren VHS-C shi ne dai zaren VHS mai faɗin rabin inci, gida kawai aka ƙaranta masa. Zaren Hi8 milimita 8 ne, na MiniDV, wani ƙaramin kaset ɗin dijital, milimita 6.35, kuma yadda ake rubutu a kansu daban ne gaba ɗaya. Ba a taɓa ƙera adaftar da za ta kunna su a VHS ba. Wanda ya ce yana da ita, ko bai san aikin ba ko ya san abin da yake yi. In aka tura ƙaramin kaset da ƙarfi, ƙofarsa ce za ta karye ko zaren ya cukurkuɗe.

Akwai wasu dalilan da ke sa lafiyayyen kaset ya ƙi fitowa. Tsarin talabijin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: Nijeriya tsarin PAL muke bi. Kaset ɗin da ɗan uwa ya aiko daga Amurka NTSC ne, sai bidiyo mai karɓar tsari biyu. VHS ɗin da aka ɗauka da SECAM, tsarin da talabijin ɗin Nijar ya yi amfani da shi, zai fito a namu ba launi. MiniDV ma da ya fito a 1995, daga baya an riƙa ɗaukar HDV, wani tsari mai hoto mafi kyau, a kan irin kaset ɗinsa, kuma kyamarar MiniDV ta yau da kullum ba ta kunna shi.

Don kada a ɗauki alhakin masu gaskiya: kaset mai minti 90 in da Digital8 aka ɗauka, minti 60 yake ci, saboda zaren ya fi gudu. In an ba ka awa ɗaya daga irinsa, ba a rage maka komai ba. Akwai masu shago a Kano da suka iya aikin nan suke kuma tsoron Allah, kuma za ka gane su da tambayar farko: wace kyamara aka ɗauka da ita? Mai aiki na gari yana juye dijital ta kebul ɗin FireWire kai tsaye zuwa kwamfuta, awa ɗaya tana cin kusan gigabait 13. Ɗan cuwa-cuwa wayarsa yake ɗorawa gaban talabijin.

Iyayena mata, ku tuna abin da ke cikin kasa-kasan nan. Akwai kamu, akwai wankan amarya, akwai mata cikin gida ba mayafi. Bai kamata su kwana a hannun wanda ba ku san gidansu ba, a zamanin da komai ke iya faɗawa TikTok.

Kafin kaset ya fita daga gida a kulle shi. VHS ana ɓalle ɗan harshen da ke bayansa, Hi8 da MiniDV kuma ana zuge ɗan makullinsu, don kada a yi ɗauka a kan na da. A tura ɗa ko ƙani ya tsaya a kunna a gabansa, a karɓi rasit mai sunan shago. In an ga farin fumfuna a jikin zaren, wanda laimar damina ke kawowa, kada a bari a kunna shi sai gwani ya share. Ko an ce muku ya mutu, ku ce a ba ku abinku, ku kai wani wurin a gwada da wata na'urar.

Wanda aka riga aka cuta ya adana lambar wayar da shaidar tura kuɗin, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa ko hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta Jihar Kano. Don Allah a karanta wa iyayenmu da ba sa hawa intanet.