Hattara da masu yawon "wanke" faifan biki a Legas

Jama'ar Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da sauran unguwannin da 'yan Arewa ke zaune a Legas, assalamu alaikum. Wata damfara ce ta kunno kai, kuma iyayenmu mata ta fi ci, shi ya sa na ga shiru bai kamace ni ba. Wasu samari ne ke bin gidaje da jakar goyo, wani lokaci kuma su jefa talla a zaurukan WhatsApp na 'yan unguwa, wai suna gyara faifan biki, na suna ko na walimar sauka, wanda ke cijewa ko hotonsa ke fizga a na'urar DVD. Ba zan kama suna ba, don sunan da suka bayar yau ba shi za su bayar gobe ba, lambar wayar ma haka. Salon aikin ne ba ya canzawa. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce da tacewa, saboda haka faya-fayan da suka ɓata a teburina suke ƙarewa.

Ga yadda suka yi wa wata dattijuwa a layinmu. Faifan bikin 'yarta ta fari ne, kuma marigayi maigidanta yana ciki a wajen ɗaurin aure. Duk inda mai kyamara ya juya, sai hoton ya riƙa fizga. Yaron ya zo ya durƙusa har ƙasa, ya gaishe ta da Hausarsa tas, ya juya faifan a haske ya girgiza kai.

"Hajiya, ai iskar tekun Legas ce ta shige shi. Wanki yake so, kuma ruwan wankin daga waje ake kawo mana."

"To ɗan nan, in dai zan ga fuskar Alhaji sosai, Allah ya yi maka albarka."

Ya zaro wata 'yar kwalba marar tambari da shuɗin ruwa a ciki, ya ɗiga, ya sa hankici yana murzawa yana zagaya faifan. Da ya gama sai ya karɓi rimot da kansa, ya tura fim ɗin zuwa inda dattawa ke zazzaune kan tabarma ana addu'a. Ba mai motsi, kyamara ma a kafe take, to me zai yi fizga? Hajiya ta ga hoto lafiya lau, ta ƙirga kuɗi ta ba shi har da na mota. Da dare jikoki suka kai wajen rakiyar amarya, fizgar tana nan yadda take, ga kuma sabon ciwo: faifan da a da yake wucewa har ƙarshe, yanzu yana maƙalewa ya tsaya cak. Murzar da ya yi a zagaye ta bar karce mai bin hanyar da idon na'urar ke bi wajen karatu, kuma shi ne karcen da ya fi kowane illa. Mai son goge faifai daga ramin tsakiya yake jan tsumma mai laushi zuwa baki, miƙe. Wannan dai shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Abin da suke cin kasuwa da shi shi ne mutane ba su bambance fizga da cijewa. Ba ciwo ɗaya ba ne.

Bidiyo hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Tsarin talabijin ɗinmu na Najeriya PAL ne, hoto 25 a kowane sakan, kamar na Ingila. Amurka da Japan NTSC suke bi, hoto kusan 30 a sakan, 29.97 in ana son ƙididdiga. Yawancin wayoyin da ke hannunmu kuwa 30 suke ɗauka in ba a taɓa saitinsu ba. To idan aka tattaro bidiyon waya aka ce wa manhaja ta mayar da shi faifan PAL, buhu ne mai cin mudu 25 aka ce sai ya ɗauki 30. Manhajar da ba ta da kyau zubar da biyar take yi a kowane sakan, wato hoto ɗaya cikin kowane shida. Mutum na zaune ba za ka lura ba. Amma amarya ta taso tana tafiya, ko kyamara ta bi jerin 'yan rakiya daga wannan bango zuwa wancan, sai ka ga hoton yana ɗan tsalle a kai a kai, tazara ɗaya, tun daga farkon faifai har ƙarshe. Ga shi waya kan rage yawan hotunan da kanta idan haske ya yi ƙaranci, shi ya sa bidiyon dina na dare ya fi na ɗaurin auren rana wahalar da mai tacewa.

Akwai wata fizgar kuma da ta fi damun tsofaffin faya-fayai, waɗanda aka ɗauka da kyamarar ƙaramin kaset na MiniDV. A wannan tsarin kowane hoto rabi biyu ne, ana nuna ɗaya sannan ɗaya. In mai tacewa ya juya jerin, na baya ya riga na gaba, sai duk abin da ke motsi ya riƙa karkarwa, gaba kaɗan baya kaɗan. Abin takaici sau da yawa a fuskar kwamfuta ba a gani, sai an kai gida an sa a talabijin. Shi ya sa za ka ji mai bidiyo yana rantsuwa cewa lafiya ya ba da aiki.

Waɗannan biyun a cikin fim ɗin suke, tun ranar da aka buga faifan. Ba ruwan da zai wanke su, ko daga Dubai aka kawo shi. Wanda ya ce zai kwafe maka a sabon faifai mai tsada, fizgar zai kwafe maka har da ita. Hotunan da aka zubar sun tafi, sai dai a koma ga asalin ɗaukar, memorin kyamara ko kaset ko wayar, a sake tacewa daga tushe.

Cijewa daban ce. Ita ce hoto ya tsaya, ya farfashe gida-gida, murya ta yanke, sannan ya yi gaba. Wannan tana iya zama laifin faifai ko na na'ura. Faifan da aka buga a kwamfuta bai kai na kamfani sauƙin karantawa ba, balle mai araha da aka buga a guje, a gudun 16x maimakon 4x ko 8x. Daga tsakiya ake fara rubutu a fita baki, kuma bakin ne ya fi rauni a faifai marar inganci, don haka in kullum a ƙarshen fim yake cijewa, kusan ka san inda matsalar take. Wani mai tacewar kuma yakan cika wa faifai nauyi don hoto ya fito ras. Iyakar da tsarin DVD ya yarda wa hoto ita ce megabit 9.8 a sakan, amma ƙananan na'urorin da ke gidajenmu sukan fara haki tun ba a kai nan ba in faifan na gida ne, shi ya sa masu hankali ke tsayawa tsakanin 6 da 8. Sai takardar nan mai hoton ango da amarya da ake mannawa a bayan faifai. Tana da kyau a ido, ban musa ba, amma in ba a manna ta daidai tsakiya ba, ko laimar Legas ta ɗaga gefenta, faifan rangaji zai riƙa yi a cikin na'ura.

Kafin ka ba kowa sisi, yi gwajin da ba ya cin kuɗi. Kai faifan gidan maƙwabci a sa a tasu na'urar. Ɗauko faifan kamfani ka sa a taka. In akwai kwamfuta mai cin faifai, a buɗe shi da manhajar kallon bidiyo ta VLC, kyauta ake sauke ta. In na kamfani ya tafi sumul a wajenka, naka kuma ya yi fizga a ko'ina, ka bar na'urarka ta huta, ba ta yi laifi ba. In kowane faifai cijewa yake a wajenka amma lafiya lau a maƙwabta, to nan ne ake maganar mai gyara.

Na tsaya a kan wannan ne saboda mataki na biyu na damfarar. In wanki bai yi ba aka kira mai jakar goyon, ba ya gudu, dawowa yake da fara'a. Sai ya ce ashe na'urar ce tsohuwa, tana son a ɗora mata sabuwar manhaja daga Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta Ikeja, ko kuma idonta ya mutu. Wani lokaci abin da yake kira ɗora manhaja bai wuce danna maɓallin Setup a rimot ba, ya shiga wajen tsarin talabijin ya mayar da shi Auto. Wannan kan taimaka da gaske idan faifan NTSC ne, irin wanda 'yan'uwa ke aikowa daga Amurka, ita kuma na'urar tana ta faman juya shi zuwa PAL da ƙarfin tsiya. Amma aikin minti ɗaya ne da yaron gida zai yi, ba na dubban nairori ba. Mafi muni shi ne ya tafi da na'urar. Wadda aka kawo mini bayan irin wannan tafiya, na kai wa mai gyaranmu ya buɗe, ya tarar an cire idonta mai kyau an sa wani tsoho, kusoshi biyu ma ba a mayar ba. Ido yana tsufa kuma ƙura tana rufe shi, gaskiya ne, kuma akwai masu gyara na ƙwarai a Ikeja da Alaba da nan cikin Agege. Bambancin shi ne suna da shago, suna da maƙwabtan da suka san su, kuma a gabanka za su buɗe, su miƙo maka tsohon da suka cire.

Mataki na uku shi ne ya sa na zauna rubutun nan. Ya ce a ba shi faifan ya kai ofis, akwai babban inji da zai tace shi. Ya karɓi kafin alƙalami ta tiransifa, galibi a asusun da sunansa bai yi daidai da wanda ya faɗa ba. Kwana biyu sai kira: aikin ya fi yadda aka zata, a ƙaro. A ƙaro, a sake ƙarowa. Ranar da aka ce a dawo da faifai a fasa aikin, sai murya ta canza. A wani gida har saƙo ya turo da guntun bidiyon kamu, matan gida ba mayafi suna rawa a tsakaninsu, ya ce in ba a cika masa kuɗinsa ba za a gan shi a TikTok. Ya san da wa yake yi. Ya san Bahaushe zai gwammace ya biya a ɓoye da a ga matarsa ko 'yarsa tana yawo a wayoyin mutane, kuma ya san kunya ba za ta bari a kai ƙara ba. Sau da yawa ma maigida bai san an ba da faifan ba, ita kuma uwargida tana tsoron faɗa, sai ta riƙa biya daga kuɗin adashinta.

Don Allah wanda abin ya same shi kada ya biya, biya ba ya rufe bakin irin waɗannan. Kada a goge saƙonnin. A ɗauki hotonsu, a ajiye shaidar tiransifa da lambar asusun, a sanar da banki, a kai wa 'yan sanda. Yi wa mutum barazana ta waya don karɓar kuɗi laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015. In mai shago ne ya karɓi kuɗi bai yi aiki ba, jihar Legas tana da hukumar kare masu saye, LASCOPA, ta tarayya kuma FCCPC. Wanda yake jin nauyin zuwa shi kaɗai ya bi ta fadar Sarkin Hausawan yankinsa ko shugabannin kasuwarsu, a haɗa shi da wanda zai raka shi. Magidanta kuma a sassauta. Matar da ta san faɗa za ta sha ba za ta faɗi gaskiya da wuri ba.

Mu masu bidiyo ma ba a wanke mu ba. Da yawa cikinmu da an miƙa faifai sai a goge asalin aikin don a samu wurin bikin mako mai zuwa, kuma wannan ce ƙofar da 'yan jakar goyo suka samu. Duk da haka a fara tuntuɓar wanda ya ɗauki bikin, wani yana ajiyewa. In asalin yana nan, a ce ya sake fitar da shi yadda aka ɗauke shi ba tare da an rage hotunan ba, ya zuba a filashi, tunda yawancin talabijin da na'urorin yanzu suna da wajen sa shi.

Faifan da yake shi kaɗai ne a duniya kuwa kada ya kwana a hannun kowa. A je da shi da ƙafa wajen mai kwamfuta, a tsaya a kansa ya kwafe jakar da ke ciki mai suna VIDEO_TS gaba ɗayanta zuwa filashi. Faifai na yau da kullum gigabait 4.7 yake ci, don haka filashi mai 8 ya isa. A duba ya goge abin da ya sauka a kwamfutarsa kafin a tashi, a karɓi faifan a koma da shi gida. In daga baya za a ba wani aikin gyara, kwafin za a ba shi, shi ma bayan an yi shawara da mutanen gida ko akwai wajen da ba a so bare ya gani. Wanda ke da uwa ko gwaggo a gida da ba ta duba waya, ya karanta mata wannan da baki, don su ake ƙwanƙwasa wa ƙofa da hantsi, lokacin da maza suka tafi kasuwa.