Kafin Ka Biya Kuɗin Injin CNC, Tambayi Wace Kwamfuta Yake Yarda da Ita

Shekara huɗu ke nan ina sassaƙa da ƙaramin injin CNC, wato injin da kwamfuta ke tuƙawa ya yanka zane, a shagona, a wani ƙauye kusa da Ringim: fuskar gadon amarya, ƙofar durowa, allon sunan makarantun Islamiyya. Duk wanda ya zo neman shawara, faɗin tebur da ƙarfin moto yake tambaya. Ba mai tambayar manhajar da za ta tuƙa injin, alhali ita ce ta taɓa zaunar da ni sati shida ban taɓa katako ba.

Injin nan bai san zane ba. Umarni yake karɓa layi-layi, wanda ake kira G-code, kuma kowane motsinsa dubban bugun lantarki ne a cikin daƙiƙa, dole su zo daidai ba gaba ba baya. To wa ke ƙirga bugun, kwamfutarka ko allon lantarkin da ke cikin akwatin injin? A nan manhajojin suka rabu.

Mach3 ita aka fi haɗowa da injinan China. A tsarinta na asali kwamfuta ce ke ƙirga, ta tsohuwar kafar firinta mai rami 25, kuma direban kafar, wato ƙaramar manhajar da ke sa ta aiki, ba ya aiki sai a Windows mai tsohon tsarin 32-bit, irin su XP da 7. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 11 kuwa ba ta da 32-bit kwata-kwata. Ni da ita na fara. Wata ranar hunturu ƙura da wutar janareta suka haɗu suka kashe tsohuwar kwamfutar teburin da aka haɗo mini. Na shiga Kano, na zaga Beirut Road shago-shago, laftof ga su nan birjik, amma mai wannan kafa sai a tarihi. Wani yaro ya dubi wayar da na riƙo ya ce, "Baba, wannan ai ta zamanin kakanni ce." Akwai alluna masu USB da ke aiki da Mach3, gaskiya ne, sai dai har yanzu a Windows kake ɗaure. Mach4 ma haka, ga kuɗi.

LinuxCNC kyauta ce, tushenta daga hukumar NIST ta Amurka, kuma masana na yabonta. Amma sai Linux na musamman (Linux tsarin tafiyar da kwamfuta ne kamar Windows), ba ta shiri da yawancin laftof, kuma ranar da ta rikice ba ka da wanda za ka kira daga nan har Dutse. Easel kuwa ta intanet take aiki. Mu da sai an fita bakin titi ake samun sabis, a bar maganar.

Abin da na koma, kuma nake tura kowa gare shi, shi ne GRBL tare da Universal Gcode Sender, wato UGS. GRBL ƙaramar manhaja ce da wani ɗan Norway, Simen Svale Skogsrud, ya fara a 2009, tana zaune a cikin ƙaramin allon lantarki mai suna Arduino Uno. Ita ke ƙirga bugun da kanta. Aikin kwamfuta bai wuce miƙa mata layukan ta USB ba, kamar yaron shago yana miƙo wa maigida ƙusa. Saboda haka ba ruwan injin da wace kwamfuta ce. UGS, wadda ke wannan miƙawar daga kwamfuta, da yaren manhaja na Java aka rubuta ta, tana tashi a Windows, a Mac, a Linux, har a 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi. Bara laftof ɗina ta ƙi kunnuwa ana saura kwana uku kai gado. Na aro ta ƙanena mai Linux, muka sa UGS, kafin la'asar injin na kuka. Ga wanda ke son tuƙi da waya, akwai manhajar FluidNC a allon ESP32, ana shiga ta Wi-Fi ɗin allon ba tare da data ba.

Ba wai GRBL da UGS ba su da ciwon kai ba. Masu kula da waɗannan manhajoji 'yan sa-kai ne, bayan sun tashi daga aikinsu suke yi, kuma duk sanda Windows ko Apple suka sauya wani abu sai sun bi sun gyara, wani lokaci a ɗau watanni. Kafar da Windows ke kira COM3, a Linux sunanta ttyUSB0, kuma sai ka ba kanka izini kafin ta buɗe. Yawancin allunan Arduino na kasuwa suna buƙatar direban CH340, a sa gudun sadarwa tsakanin kwamfuta da allon a 115200. Ni dai na ajiye sigar da ta yi mini aiki a filasha biyu, kuma ba na sabunta komai ana tsakiyar kwangila. GRBL ta Uno hanya uku kawai take juyawa, gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa. Mai son sassaƙa ƙafar kujera zagaye sai ya nemi grblHAL, 'yar'uwar GRBL mai juya ƙarin hanyoyi. Kuma idan moton yanka na sa USB yana yankewa, gajeruwar waya mai kauri da sandar ƙasa mai kyau su ne magani. Wajen zane, FreeCAD da Inkscape duk kyauta ne kuma suna tashi a ko'ina, ko da yake FreeCAD sai da haƙuri.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne. Lasisin Mach3 na gaskiya dala 175 ne. Duk wanda ya ce ya haɗa maka ita "kyauta" a faifai, ɗayan biyu ne: ko ta sata, ko ta gwaji, wadda ke tsayawa a layi na 500. Wanda ya sayar mini da nawa injin ya gwada shi a gabana da zanen tauraro, layi bai kai ɗari ba, na yi ta murna. Na dawo gida na ɗaura fuskar gado a katakon da na sayo a Na'ibawa, furen ya kai rabi injin ya tsaya cak. Na ɗauka wuta ce, na sake daga farko, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Da na kira shi sai ya ce, "Alhaji, ai sai an buɗe ta, kawo dubu kaza." Fayil ɗin da ya turo don buɗewar kuma ƙwayar cuta ya shigo da ita, ta cinye mini zanen wata biyar.

Haka manhajar zane ta ArtCAM da ake ta yawo da ita a filasha. Autodesk ta daina sayar da ita tun 2018, don haka wanda ya ce maka sabuwa ce dal, ka san da wa kake magana. Akwai kuma direbobin moto, wato na'urorin da ke juya moton, da aka rubuta TB6600 a murfi, in ka kwance ka tarar da wani guntu daban a ciki, rana ta yi zafi su fara tsallake taku, layinka ya karkace. Wasu kuma za su ce injin "yana aiki da kowace kwamfuta", suna nufin kowace irin wadda ke shagonsu.

Ranar saye ka tafi da taka laftof ɗin, ba tasu ba, da filasha mai zanen da ya haura layi dubu biyu. A jona a gabanka, a ɗaura guntun katako, ka ja kujera ka zauna har sai ya kai layin ƙarshe. In mai kaya ya fara cewa yana sauri zai je sallah, ka ce masa tare za ku je ku dawo, injin na ci gaba da yanka.