Ajin "kwamfuta da noma" na shagon bakin kasuwarmu, abin da na gani

Akwai wani shagon kwamfuta a bakin kasuwar garinmu nan bangaren Auyo, asalin aikinsa fotokwafi ne da buga takardu da duba wa yara sakamakon jarabawa, sai mai shi ya bude aji na Asabar da Lahadi yace na kwamfuta da noma ne. Kannenmu da yawa suna tambayata ko ya cancanci kudinsa, to ga yadda na same shi, dadinsa da rashin dadinsa.

Ni kimiyyar kwamfuta nake karanta, ina aji uku, kuma da kudin shinkafa ake biya min rajista. Tun aji daya nake son in hada karatun nan da noma amma a jami'o'inmu babu wannan kofar. A Amurka dalibi yana iya hada fanni biyu a digiri daya, mu nan in JAMB ta baka kwamfuta to kwamfuta ce har ka fita, sai dan GST, darussan gama-gari da kowane dalibi yake yi, da ilaktib, wato kwas na zabi, daya ko biyu. In ka cire bangaren ilimi da ake hada koyarwa da kwamfuta, ko NCE da ake hada kwamfuta da lissafi ko fiziks, kusan shikenan. Sabuwar manhajar karatu da NUC, hukumar kula da jami'o'i, ta fitar a 2022, wato CCMAS, kara yanka kwamfutar ma tayi, tsaron intanet daban, sofwaya daban, kimiyyar data daban. Kaga mai son hadawa da wani fanni dole ya nemo shi a waje, shi yasa na biya N15,000 na zauna a bencin Malam, wato mai shagon.

Malam shi noma ya karanta, kwamfutar a aikin tattara bayanai na kungiyoyi ya koye ta, kuma wlh wannan shine karfin ajin. Ranar farko ko laftof bamu bude ba, yace kowa ya daura wayarsa a caji mu hadu a fadama. Ya sa mu bi iyakar gona da kafa muna danna GPS a kowace kusurwa, in ka zo lankwasa ka kara dannawa, in ka yi sauri ya mayar da kai baya. Muka dawo shago muka zuba a QGIS, manhaja ce ta taswira kuma kyauta ce, gona ta fito a allo da siffarta har da dan kuncin nan na wajen magudanar ruwa. Gonar Baba da tun ina yaro ake kiranta eka biyar sai gata hekta daya da rabi da dan doriya, hekta kuwa eka 2.47 ce, wato bata ma cika eka hudu ba. Shekara da shekaru kudin haro da taki duk a lissafin eka biyar ake fitar dasu. Da na nuna wa Baba sai ya kalli allon ya kalle ni yace "to kai da wayar taka kun fi kakanka sani kenan?" amma bana da mai tarakta yazo shi da kansa yace a kira ni.

Daga nan aka shiga hotunan Sentinel-2, taurarin dan adam na Turai da suke daukar hoton kasa duk bayan kwana biyar, kowane digo a hoton mita goma ne, kuma ba a biyan ko sisi. Ana gwama jan haske da wani hasken da ido baya gani a fitar da lambar da ake kira NDVI, ita ke nuna karfin koren shuka. A nan ne digirina yayi rana, Malam gona daya-daya yake bi yana danne-danne, ni kuwa na rubuta dan kod na Python, yaren rubuta manhaja, ya bi gonakin 'yan ajin gaba daya kafin a kira la'asar, har yace in zauna in koya masa. Kuma a nan din ne dai ya nuna min iyakata. Akwai wani yanki da ya fito kore shar a taswira, ni har na rubuta cewa nan ce shinkafa tafi kyau, Malam yayi dariya yace kachalla ce, ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa tun daga nan har Nguru. Tauraro baya bambance ta da shinkafa Faro 44. Haka in wuri yayi rawaya, kod dina zai ce matsala, amma ko rashin taki ne, ko ruwa ne ya kwanta, ko kanwa ce ta taso a kasar, wannan sai wanda ya san kasa. Shi ne ya zaunar damu kan lissafin taki, yuriya kashi 46 cikin dari ce naitirojin, buhu mai kilo 50 kilo 23 kawai yake dauke dashi, in baka san wannan ba duk manhajar da zaka rubuta wa manomi shirme ce.

KoboToolbox ma an taba, fom ne a waya da yake aiki ko ba netwok. Abin da na rike shine kar ka tambayi manomi kilo nawa ya samu, ka tambaye shi buhu nawa, tiya nawa, kai kayi juyin zuwa kilo daga baya.

To sai matsalolin. Laftof hudu ne a shagon mu kuma mun haura goma, daya ma kibod dinta sai ka hada da na waje. Sola ce ke rike da wajen, da hadari ya taso batir ya fara kuka shikenan an tashi, janareta kuma sai mun yi karo-karon mai. Abin da yafi bata min rai shine duk lokacin da sakamakon WAEC ko NECO ya fito aji ya mutu, Malam yana can yana karbar dari biyar-biyar na firintin mu muna zaune kamar masu jiran motar kasuwa, kuma ba a rama darasin. Babu lokaci daban na mata, kanwata ta so shiga Baba yace ba zata zauna a shagon bakin kasuwa har magariba ba, kuma ban ga laifinsa ba. Bangaren dabbobi kuwa sifili, wanda yake son kiwo kar ya bata kudinsa.

Satifiket din da ake bayarwa a shagon ake buga shi, ba wata hukuma da ta san dashi, kar wani yaje da tunanin digiri na biyu zai samo. Masu tunanin yin SIWES, wato zuwa koyon aiki da ake tura dalibai, a can ma su fara tambayar kodinetan sashensu tukunna. Ni abin da na fito dashi taken furojet ne na aji hudu da kuma manoman da suka yarda in yi aiki da gonakinsu.

Wanda zai shiga ya bari sai rani, daga Disamba zuwa sama, lokacin sola tana cika kuma gajimare baya rufe hoton tauraro, da damina rabin hotunan farin girgije ne kawai. Ka zo da laftof dinka ko ta aro ce, mai RAM 8 in da hali dan QGIS yana ja a kan 4, da takalmin roba na shiga ruwa.